Iskar da Na Bari a Birki

Ko tsufa ya sa na manta sunayen jikokina, akwai rana ɗaya da ba za ta fita daga kaina ba. Shekaru sun shuɗe, motar ma na daɗe da rabuwa da ita, amma har yau in na ɗora ƙafa a kan birki na ji ya ɗan yi laushi, sai gabana ya faɗi, in ga hular mahaifina tana gangarawa ƙarƙashin kujera.

Ni mutum ne mara haƙurin jira, kuma duk wanda ya san ni a Illela ya san haka. Shayi ma a tsaye nake shan sa. Sana'ata fataucin atamfa da shadda tsakanin garinmu da Birnin Konni, kuma da wata tsohuwar mota nake wannan zirga-zirgar. Abin da na fi tsana a duniya shi ne zaman gareji: ka kai mota da safe, bakanike ya kwance taya ɗaya ya tafi cin abinci, ya dawo ya kama motar wani, kai kuwa kana kan benci kana kallon 'yan kabu-kabu a kan babura suna wucewa da kayan mutane zuwa boda. Wannan ya sa na riƙa tsayawa a kan wani dattijon bakanike ina kallon hannunsa, har na iya canjin mai da fulogi da ƙananan gyare-gyare. Na sayi jak da sifanoni na ajiye a gida, na shiga ɗaukar kaina rabin bakanike.

Dattijon bai hana ni ba, dariya ma yake yi mini. Abu ɗaya kawai ya ja mini kunne a kai. Ya ce duk ranar da na kwance tiyon birki, iska za ta shiga, kuma sai an fitar da ita kafin birki ya kama sosai. Mutum ɗaya ya zauna a mota ya yi ta taka birki sannan ya riƙe, ɗaya kuma yana bayan taya ya buɗe wani ɗan noti, iskar ta fito tare da mai, ya rufe, sannan na cikin mota ya saki. Haka za a yi ta yi har mai ya fito babu kumfa. Ya nuna ni da sifana ya ce, “Wanga aikin mutum biyu na. Ko ni da nit tsuhwa cikinai ba ni yin shi ni ɗai.” Na ce masa na ji, amma hankalina yana can kan hanya.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Kwana biyu ina ganin ɗigon mai a jikin tayar gaba, na gano tiyon ne ya tsage, na sayo sabo. Na ɗaga motar a tsakar gida, na cire tsohon, ina cikin ɗaura sabon ke nan wayata ta yi ƙara. Ɗan baffana ne daga Tozai. Ya ce jikin mahaifinsa ya tsananta tun asuba, kuma ba abin da yake faɗa sai a kira masa yayansa.

Yayan nan shi ne mahaifina. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, kuma shekara uku ke nan ba sa ga-maciji saboda iyakar wata gona da suka gada. Ba su yi zage-zage ba, kowa dai ya kame bakinsa. In an haɗu wurin suna ko jana'iza sai gaisuwa ta fatar baki, kowa ya juya. Mu 'ya'ya mun yi iya ƙoƙarinmu mun gaji. To ga shi yau baffa da kansa yana kira, kuma babu wanda bai gane abin da yake nema ba: so yake su yafi juna tun yana da sauran numfashi.

Da na faɗa wa Baba, sai ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya sako babbar riga, ya ɗauko sandarsa, ya zo ya zauna a kan turmi kusa da motar. Ya dube ta a ɗage, taya ɗaya a ƙasa, ya ce, “In ba ta gamu ba, kira muna kabu-kabu mu tahi.” Na ce haba Baba, ina da mota a gida ka hau babur da wannan ciwon ƙugun, mutane su ce mi? Na ce ya ba ni minti goma.

Daga nan na shiga gaggawa. Noti ya faɗi cikin ƙasa, na yi ta lalube. Na tashi na duba waya, na koma na tsuguna, na sake tashi ban san abin da na tashi ɗauka ba. Baba bai matsa mini ba ko kaɗan, carbinsa kawai yake ja, amma kowace ƙwaya da ya ja ji nake kamar da ni take. Na ɗaure tiyon, na cika man birki, na buɗe ɗan notin nan na bar mai ya ɗiga kaɗan, na rufe. Na san sarai wannan ba shi ne fitar da iska ba.

Matata tana bakin madafa tana kallo. Bara da dattijon bakaniken ya zo gida ya yi irin wannan aikin, ta ji duk yadda ake yi. Saboda kunyar suruki ba ta iya ɗaga murya ba, sai ta zagayo ta bayan motar ta durƙusa kusa da ni ta ce a hankali, “Maigida, ba ka hidda iskar ba. Bari in shiga in taka ma, ai na ga yadda aka yi.”

Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ce ta ba ni haushi. Na hango ta zaune a kujerar direba a gaban mahaifina, ina ƙarƙashin mota ina ce mata taka, riƙe, saki, ga maƙwabta biyu da suka ji labari sun shigo suna tsaye. Sai na ji abin ya yi mini nauyi. Na ce, “Ke koma ciki. Mi kinka sani ga mota?” Ta dube ni, ta tashi ta koma. Maƙwabtan nan ma da na roƙi ɗayansu da ya yi, Baba kansa da ya yi, amma na riga na ce minti goma, kuma ban so kowa ya ga akwai abin da ya fi ƙarfina. Na mayar da taya, na sauke motar, na shiga na taka birki. Takun farko ya tafi har ƙasa. Na biyu ya ɗan tsaya. A na uku ya yi tauri, sai na ce wa zuciyata shi ke nan, zan riƙa taka shi sau uku tun daga nesa.

A cikin gari dabarar ta yi aiki. Na ratsa ta wajen 'yan canji, na kauce wa babura, ina buga ƙafa tun kafin in isa kowace kwana. Da muka fita gari hanya ta buɗe, na tuna baffa yana kallon ƙofa, sai na danna totur. Baba ya ce, “Sannu dai, mu isa lahiya.” Na ce to, amma ban rage ba.

Ba mu yi nisa ba wani mai babur da ya ɗauro buhunan albasa har sun rufe shi ya faɗo titi daga wata 'yar hanya. Babu lokacin taka shi sau uku. Na taka sau ɗaya da dukan ƙarfina, ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka cikin kunu. Na murɗe sitiyari, muka kauce masa da ƙyar, motar ta sauka daga titi ta daki bakin kwalbati. Na ji ƙarar ƙarfe ya karye, na ji goshin Baba ya bugu da gaban mota, hularsa ta faɗi ta gangara. Da na juya, jini ya rufe masa ido ɗaya, yana ta salati.

Mutane suka taru. Wani jami'in hanya da ke kusa ya zo, ya taimaka muka fito da Baba, sannan ya leƙa ya taka birkin da kansa. Ya dube ni ya ce wa ya yi mini wannan aiki. Na ce ni ne. Bai yi mini tsawa ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Cewa ya yi, “Ba wanda ya hana ka gyara motarka da hannunka. Amma doka ba ta ba ka damar hawa titi da ita ba sai ka tabbata tana tsayawa. Da mai albasar nan ka taka fa?” Da ya ji inda za mu, shi ya tare mana babura biyu, ya ce in bar makulli, maganar mota sai na dawo.

Sai da muka koma baya wurin mai kemis aka wanke wa Baba goshi aka ɗaure, aka ce ya zauna jirin ya sake shi. Ina kai ina kawowa a bakin shagon, wayata tana ta ƙara, na kasa ɗauka. Ƙarshenta dai kabu-kabun da na raina shi muka hau, Baba ya rungume sandarsa, ina bayansu ina kallon yadda kowane rami yake girgiza masa ƙugu.

Tun daga bakin unguwa na ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza suna zaune shiru. Ɗan baffana ya taso ya riƙe hannun Baba ya ce, “Yanzu-yanzu na, Baba. Ko rabin awa ba a yi ba. Duk wanda yash shigo sai ya ɗaga kai ya ce, Yaya na?” Baba ya shiga ɗakin ya durƙusa a gaban ƙaninsa. Ina bakin ƙofa na ji yana cewa, “Na yahe ma, na yahe ma. Kai kuma wa za ya ce min ka yahe min?” Ban taɓa jin muryarsa ta karye haka ba, kuma ban taɓa ƙin kaina kamar a wannan lokacin ba.

Har aka gama zaman makoki Baba bai ce mini komai a kan motar ba. Na so ya zage ni, na so ya ɗaga sandar nan ya maka mini, bai yi ba. Matata ma ba ta ce ai na faɗa maka ba, ruwan wanka kawai take kai mini ta fita. Na je na amsa laifina wurin jami'an, aka jawo motar gida da sharaɗin ba za ta sake hawa titi ba sai an duba ta. Dattijon bakaniken ya zo ya gyara ƙafar motar da ta karye, da ya zo kan birki sai ya miƙo mini sifana ya ce ni na fara, ni zan ƙarasa, ya koma gefe ya zauna.

Ina tsugune bayan taya ina shirin kiran matata, sai na ji an buɗe ƙofar mota. Baba ne, da tabon goshinsa. Ya jingine sanda ya zauna da ƙyar, ya ce, “Wanne za ni taka?” Na nuna masa na tsakiya. Na ce taka, ya taka. Na ce riƙe, ya riƙe. Na buɗe notin, mai ya fito da kumfa fal, na rufe na ce saki. Muka yi ta maimaitawa har kumfar ta ƙare, birki ya yi tauri tun daga takun farko. Duka-duka bai kai lokacin da ake dafa shayi ba.

Baba, ƙafarsa tana kan birkin, ya ce, “Iyakarta ke nan?” Na ce, “Iyakarta ke nan, Baba.” Ya gyaɗa kai, ya lalubi sandarsa ya fita, ya shige ɗaki.

A ranar na je na ba matata haƙuri, kuma tun daga lokacin ita ce mai taka mini birki, ko wa ke tsaye a tsakar gida. Har yanzu ina gyaran motata da kaina, har yanzu a tsaye nake shan shayi, halin bai bar ni duka ba. Amma na koyi cewa aikin da aka ce na mutum biyu ne, ba ƙasƙanci ba ne ka ce wa na kusa da kai zo ka kama mini, kuma ba na fita da mota sai na gwada birkinta a ƙofar gida na ga ta tsaya cak. Mahaifina ya rasu bai taɓa tayar da maganar ba. Ni dai na san abin da na hana shi ji, kuma na san minti nawa na ƙi bayarwa.