Jarkar da ke bayan rumbu

Duk Toranke an ce ruwan teku ne ya kashe jar saniyarmu. Ba shi ba ne. Ni nake tatsarta, na san abin da na gani.

Tun kafin ruwan ya zo hantsarta ta kumbura ta yi tauri, nono yana fita da gudaji, daga baya da jini. Baffa ya sayo allura a kasuwar Ajingi, irin wadda muke danna wa duk dabbar da ta yi tari. Da can tana aiki. Wannan karon kamar ruwan rijiya aka ɗura mata.

Hamma, yayana, yana bin motar shanu zuwa Legas. A rediyon mota ya ji masu bincike suna neman sabon magani a jikin wasu ƙananan halittun teku da ido ba ya gani, don cututtukan dabbobi sun saba da tsofaffin allurai. Sai ya ciko jarka a bakin teku ya taho.

Na ce, "Hamma, sai an ware halittar, an raine ta, an tace maganin. Wannan ruwan gishiri ne kawai."

Ya ce, "To likita, ina naki?"

Ba ni da shi. Na riƙe saniyar, ya wanke mata hantsar da ruwan. Ta juyo ta lashe gishirin da ya taɓa hannuna, harshenta zafi zau. Har yau in na sa hannu a ƙwaryar tatsa sai na ji wannan harshen.

Ta mutu kafin a kai ga wuƙa. Mata suka daina sayen nono wajen Inna, wai aljanin ruwa ya shigo garkenmu. Hamma bai ƙara zaman cin abinci da mu ba. Jarkar tana bayan rumbu, kowa ya ƙi zubarwa, gansakuka ta kama cikinta. Nakan tsaya in dube ta. Wataƙila abin da zai ceci saniyar yana ciki da ransa, mu ne ba mu da hannun ciro shi.

Yanzu 'yar jar saniyar ta haihu. Jiya ina tatsa na ji tauri a gefe ɗaya. Baffa ya ɗauko kwalbar allurar nan, na karɓe.

Ya ce, "Ke, ba ni."

Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, ba zan bayar ba."

Gobe zan tatsi nonon a kwalba mai tsabta in kai garin Gaya wajen likitan dabbobi, a gane cutar kafin a sake soka mata komai.