Mai Gadin Gidan da Aka Hana Rushewa

Sana'ata a Alƙahira sayen kayan tsofaffin gidaje ce. Idan za a rushe gida nakan riga katafila zuwa, in ciro ƙyamare da tagogi da ƙarafan baranda da tayil ɗin da bai fashe ba, in kai sitona da ke Ainu Shams, in kankare, in gyara, in jira mai so. Karatu ne ya kawo ni daga Damagaram. Da bai karɓe ni ba sai na bi wani Bamisire mai wannan sana'a, ina ɗaukar masa kaya har na iya bambance itacen kirki da na banza, daga baya na tsaya da ƙafata.

Yawancin kayana masu kyau daga Mohandessin suka fito. Dattawan unguwar sun ce da can duk gidajen iyali ne ɗai-ɗai, hawa ɗaya ko biyu, kowanne da lambunsa, irin waɗanda Misirawa ke kira filla. Yanzu dogayen benaye sun cinye su, sai ƙalilan da suka maƙale a tsakani. Cikin waɗanda suka rage akwai waɗanda hukuma ta hana a taɓa, don kada unguwa ta rasa kamanninta gaba ɗaya. Gidan da aka sa wa wannan takunkumi ba a rushe shi, ba a ɗora masa hawa, sai fa in kwamitin injiniyoyi ya zo ya tabbatar cewa ya kusa faɗuwa da kansa.

Duk mai irin sana'ata ya san abin da wannan ƙa'ida ta haifar. Magada sukan taya gida tsufa. A buɗe famfo a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wanda suke kira badrum, a bar ruwa yana jiƙa tushe. A toshe indararo, a fasa rufi a wani lungu, a kulle ƙofa a tafi. Bayan wasu shekaru a kira kwamiti. Ni ba na buɗe wa kowa famfo, amma in gida ya faɗo hannuna ba na tambayar abin da ya kashe shi.

Wani likitan haƙori ne ya kira ni in duba kayan gidan mahaifinsa. Gida ne mai hawa biyu a wani ɗan titi da ba hayaniya, benaye sun saka shi a tsakiya har rana ba ta samun lambun sai da tsaka. Akwai mangwaro da lemun tsami. Ƙyamaren na ainihi ne, masu nauyi, ƙarfen matakala kuwa aikin hannu. Likitan ya ce tun yanzu yake so mu daidaita, domin gidan ba zai daɗe ba. Na zagaya ciki da waje, na ƙwanƙwasa bango, ban ga alamar gidan da ba zai daɗe ba.

Muna fitowa aka kira ni a waya daga sito, na amsa da Hausa. Mai gadin gidan, wani dogon tsoho mai farar jallabiya da na gaisar da Larabci lokacin shigowa, ya tsaya yana saurarona har na gama. Sai ya tambaye ni da Hausa ɗan ina ne. Na ce Damagaram.

"Ashe bawana ne ya zo," in ji shi. "Me ka zo sata a gidan mutane?"

Na ce, "Baba, kai daga ina?"

Ya ce kakansa Bakano ne, ya taso zuwa Makka a ƙafa, ya tsaya noma a Sudan bai ƙarasa ba, a can aka haifi ubansa, aka haife shi. Na ce masa Bakanon da bai taɓa ganin Kano ba ai rabin Bakano ne. Ya ce rabin ma ya ishi ɗan Damagaram. Hausarsa tsohuwa ce, akwai kalmomin da tun rasuwar kakata ban sake ji ba, kuma yana cakuɗa ta da Larabcin Sudan. Tun yana saurayi yake gadin gidan. Ɗakinsa na can ƙarshen lambu, jingine da katanga, da ɗan banɗaki da wurin dafa shayi. A nan matarsa ta rasu, a nan 'yarsa ta girma har ta yi aure.

Likitan ya ga muna dariya. Bayan 'yan kwanaki ya gayyace ni shan gahawa kusa da asibitinsa, ya buɗe mini ciki. Su uku ne magada. Wansa yana aiki a ƙasar waje, ƙanwarsu mijinta ya rasu, tana zaman haya da 'ya'ya. Babu mai iya zama a gidan, babu mai iya riƙe shi, hukumar da ta hana rushewa kuma ba ta gyara wa kowa ko taga. Akwai ɗan kwangila da ya yarda ya gina bene ya ba kowannensu rabo, in dai an samu takardar rushewa. Kwamiti ya riga ya zo, ya rubuta cewa gida lafiya lau. Dalili kuwa tsohon nan ne. In likitan ya buɗe famfon badrum, kafin ya kai bakin titi an rufe. Ya sa an fasa rufi, da ya dawo ya tarar an liƙe da siminti, an shafe sumul. Ko simintin ba likitan yake ba shi ba, tsohon roƙa yake yi wurin masu gini a maƙwabta.

Na tambaye shi me ya hana ya gaya masa kai tsaye. Ya juya kofinsa ya ce mutumin nan shi ya riƙa kai shi makaranta a kafaɗa, har yau ammu yake ce masa, wato baffa, bakinsa ba zai iya ba. Ban da haka akwai wata tsohuwa a tsallaken titi, ita ma mai filla, da ko guduma ta ji sai ta buga wa ofishin unguwa waya. Ba ya son maganar ta fito daga bakinsa ta kai kunnenta. Ni kuwa yarenmu ɗaya da tsohon. Ya ce in gaya masa in an gina benen za a ba shi ɗakin mai gadi a ƙasa. In kuma ya ci gaba da gyara, wansa ya riga ya ce a sallame shi.

Na karɓi saƙon, domin ina son ƙyamaren, kuma ina ganin gara tsohon ya ji daga bakin da ba zai yi masa kwana-kwana ba.

Na same shi da la'asar yana tankaɗe yashi da wata tsohuwar rariya. Ya dafa mana shayi. Na faɗa masa komai yadda yake, ban rage ba: magada so suke gidan ya lalace, gyaransa yana ɓata musu shiri, kuma yana iya rasa ɗakinsa. Ya saurara har na gama. Ya ce duk ya sani, shi ba yaro ba ne, ya ga yadda aka yi da gidan kusurwa da na bayansa.

Sai ya ba ni labarin ƙauyensu na Sudan a bakin kogi. Ya ce can gidajen ƙasa ne, kuma kafin damina babu namijin da ke zama. Kowa yakan kwaɓa ƙasa da kashin shanu ya yi wa bangonsa yaɓe, ya hau soro ya share indararo. Wanda ruwan farko ya samu da tsagaggen bango, har yara sun san gidan malalaci ne, ba a ba ɗansa mata da sauƙi. Na ce haka yake a wurinmu, amma nan Alƙahira ce, ruwan da ake yi a shekara bai kai na yini guda a can ba, gidan kuma ba nasa ba ne. Ya ce ai ya gwada. Lokacin da likita ya fara buɗe famfon, shi bai taɓa shi ba, yana zaune a kan bencinsa yana jin ƙarar ruwa a ƙarƙashin gida, abinci ya ƙi shiga. Da ya ga danshi ya fara hawa bango sai ya sauka ya rufe.

"Ni ban hana su rushewa ba, ya zol," in ji shi, yadda 'yan Sudan ke kiran mutum. "Su kawo katafila gobe, ni zan buɗe mata ƙofa. Amma in zauna da makulli a aljihuna ina kallon bango yana shan ruwa, wannan ban iya ba."

Na ce, "To in ba ka gani ba fa?"

Nan na kawo masa shawarar da na zo da ita. 'Yarsa tana Ainu Shams, ba nisa da sitona. Ya je ya yi sanyin bana a wurinta, a ce jinya ya tafi. Ya bar kayansa a ɗakinsa, ya bar makullin gida a hannun likita. Abin da zai faru ya faru ba a kan idonsa ba, ba da hannunsa ba. In zafi ya shigo ya dawo ɗakinsa, ya zauna har ranar da takarda za ta fito, daga nan ya koma ɗakin sabon bene. Ya ce dabarar 'yan Damagaram ke nan, a yi ɓarna a ce ba a nan ake ba. Amma ya yarda. Likitan ma ya yarda, har ya rungume ni. Makullin ƙaramar ƙofar lambu kawai aka bar wa tsohon, saboda kayansa.

Ya yi makonni a gidan 'yarsa. Yakan sauko sito da hantsi ya zauna, yana kushe yadda nake kankare fenti. Ba ya tambayar gidan. Na ɗauka magana ta ƙare.

Sai aka wayi gari wata rana da hadari, irin wanda Alƙahira kan yi jefi-jefi a cikin sanyi, kafin azahar ruwa ya kece. Garin ba shi da magudanan kirki, don haka nan da nan tituna suka cika, motoci suka tsaya a ƙarƙashin gadoji. Ina ta fama da jan katakai daga bakin sito, 'yarsa ta kira ni ta ce ko Baba yana wurina. Tun da ya ga hadari ya sa takalmi ya fita, bai ce ga inda za shi ba. Na ce mata kada ta damu, na san inda yake.

Yadda na ji daga baya, jirgin metro ya shiga zuwa tsakiyar gari, ya hau ƙaramar bas, da ta maƙale a ruwa ya sauka ya ƙarasa a ƙafa. Ya shiga ta ƙofar lambu, ya jingina tsani, ya hau rufi. An cusa tsummoki da siminti a bakin kowane indararo, ruwa ya taru a sama har idon sawu. Ya bi su da ƙarfe yana fasawa. Tsohuwar tsallaken titi tana tagarta tana kallo. Ba ta ɓata lokaci ba ta buga wa ofishin unguwa waya, ta ce ga mai gadi can yana ciro abin da aka toshe rufi da shi, a zo a gani. Ba su zo a ranar ba, amma sun zo, kuma sun bar wa magada takardar gargaɗi.

Likitan ya kira ni, muryarsa ba faɗa a ciki. Ya ce yanzu ko kwamiti ya dawo, da wuya ya yarda cewa gidan da kansa ya lalace. Wansa ya yanke magana, shi kuma ba shi da abin da zai kare tsohon da shi. Ya roƙe ni in zo da a-kori-kurata in kwashe masa kaya.

Na je da safe. Tsohon yana tari, ruwan ya taɓa shi. Kayan ba su da yawa: akwatin ƙarfe, tukwane, rediyo, darduma, da wani babban gadon ƙarfe da marigayi mai gidan ya ba shi lokacin aurensa. Likitan ya zo da kansa, ya sumbaci kan tsohon, ya ce ma'alish ya ammu, wato yi haƙuri baffa, ya sa masa ambulan a aljihu. Tsohon ya miƙa masa makullin lambu, ya gaya masa cewa lemun tsamin yana son ruwa da yamma, ba da rana ba. Likitan ya ce tamam, ya ji.

A hanya na ce masa, "Baba, da ka bari ruwan ya wuce. Yini ɗaya ne fa."

"Na sani," in ji shi. "Sai da na hau rufin na tuna an ce in bari."

Muka ci gaba da tafiya zuwa Ainu Shams.

Gidan 'yarsa a hawa na sama yake, a wani bene marar lif, ɗaki biyu da falo, ga miji ga yara. Muka hau da akwati da tukwane. Gadon ya ƙi juyawa a kwanar matakala. Muka kwance shi, ƙarfen wajen kai ma shi kaɗai ya ƙi wucewa, kuma ko ya wuce babu inda za a kafa shi. Surukinsa ya ce khalas, shi ke nan, a hau da katifa kawai. A falo tsohon yake shimfiɗa ta in yara sun gama kallon talabijin, da safe ya naɗe ya tura bayan kujera.

Ya ce in tafi da gadon in sayar. A makon na sayar wa wani ɗalibi ɗan Maraɗi da zai yi aure, na kai wa tsohon kuɗinsa.