Tauraro Ɗaya

Wata Litinin cikin sanyin shekarar 2007, ina tsaye a ƙofar ɗakin malamai na makarantarmu a garin Silver Spring, can ƙasar waje, riƙe da aikin darasin harshen Latin da na ƙarar da hutun ƙarshen mako a kansa. Shekarata goma sha uku, ban daɗe da zuwa daga Zariya ba, Turancina bai gama nuna ba.

Malamarmu ta Latin, Misis Dowal, takan sa wa kowane aiki taurari: ɗaya mai sauƙi, uku mai fasa kai. Ni kaɗai take ba sabon aiki ran Juma'a, kafin 'yan aji su gani, kuma ba tauraro a kansa. Na ɗauka shirya ni take don ajin gwanaye na baɗi, har nakan yi tafiya ina ɗaga kai. Latin bai tsorata ni ba, domin Baba ya sha zaunar da mu kan nahawun Larabci, na saba da kalmar da wutsiyarta ke nuna wanda ya yi da wanda aka yi wa. A teburin kicin nake yi, tsakanin wanke-wanke da kai kaya ɗakin wanki, ƙannena na buga ƙwallo a wurin ajiye motoci. Inna kan ce, "Baturiyar nan ta san mutane." Da Sallah har dambun nama ta ba ni na kai mata.

Ranar nan, kafin in ƙwanƙwasa, na ji malamar tana faɗa wa wani malami cikin dariya, har da ambaton sunana: "Rabi ce ma'aunina. Duk abin da ta iya, tauraro ɗaya nake ba shi. In ita ta gane, ai kowa zai gane."

Ashe shi ya sa jimlolin da suka hana ni wasa suke dawowa aji da tauraro ɗaya tak. Na ji kunya, na ji an ci amanata, amma na shiga na miƙa takardar, har da rusunawa. Ajin gwanaye kuwa aka buɗe shi babu ni a ciki.

Yanzu 'yata ke kawo aiki a kwamfuta, na'ura ce ke cewa wannan mai sauƙi ne. Inna kuwa har yau takan tambaye ni lafiyar malamar, in ce tana lafiya. Ban taɓa faɗa mata ba, kuma dambun nan nake jin zafinsa fiye da ajin.