Rigunan Jan Farce a Farantin Gwaggo Kabira

Gwaggona Hajiya Kabira shekararta saba'in da ɗaya, arba'in da shida a kan keken ɗinki ta yi su, a unguwar Tandabawi ta Makka, hawa na uku, matakala hamsin da biyu. Abaya take ɗinkawa, kuma wuyan rigarta bai taɓa sauka fiye da yatsu biyu ba.

Faranti goma sha tara ne a jerenta, ɗaya ne ba a cin abinci a ciki. Na tangaran ne mai bakin zinariya, da zanen mata uku da wani makiyayi riƙe da tuffa. Mahaifiyarta ce ta samo shi a gidan wani attajirin Jidda inda take wanki. Uwar gidan ta ba ta shi don matan ba ko ƙyalle a jikinsu. Tsohuwa ba ta yi wata-wata ba, ta ɗauki jan farce ta yi wa kowacce riga har idon sawu. Tun rasuwarta, duk Sha'aban Gwaggo ke sabunta musu.

Ranar Alhamis jikarta Raghad, mai karatun kayan tarihi, ta ɗaga farantin a hasken taga, ta ƙwalla wa kakarta ihu, wadda take kira Sitti.

"Ya Sitti! Wallahi daga Sin yake! Ya fi shekara ɗari biyu da hamsin! Turawa aka yi wa, tatsuniyar Girkawa ce, ana zaɓen wadda ta fi kyau!"

Ni tuni na tsara tafiya: tawul huɗu na naɗewa, awa ɗaya zuwa Jidda, malamar Raghad da za ta duba shi na ofis har ƙarfe biyu. Na ce yalla, mu tafi!

Sai Raghad ta zaro kwalbar goge farce. "Minti biyar, Sitti. Dole duktura malamata ta ga asalinsa."

Gwaggo ta dafe farantin da hannu biyu. "Ke 'yar nema! Aikin hannun uwata ne. Ki tuɓe bayin Allah a Makka, ga Harami can?"

"Zane ne fa, Sitti!"

"Zanen ma da mutuncinsa."

Sau bakwai Raghad ta roƙa, sau bakwai Gwaggo ta ce a'a. Raghad ta haƙura ta ajiye kwalbar, ta ɗauko gilashin ƙara girma, ko ta samu wata alama da za ta tura wa malamar a waya. Ta duƙa, ta ƙura ido, sai ta fashe da dariya. Can cikin gajimaren da ke gefen farantin ga mace ta huɗu, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, kamar yadda aka haife ta!

Gwaggo ta fizge gilashin, ta duba, ta yi salati.

"Baiwar Allah, shekara sittin ba wanda ya rufa miki asiri! Ke Nadiya 'yar ƙanena, maza sauka shagon Ayman ki sayo jan farce, ki haɗo da tsinken sakace."

Da na dawo ina haki, Gwaggo ta tsoma tsinke a kwalba. Raghad ce ta riƙe mata gilashin, tana cewa, "A hankali, Sitti, kar ki rufe mata fuska."