Jiƙon Hanon Gwaggo Asabe

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Amma bari in fara da abin da ke ƙasa. Ina digiri na biyu, aikina gwada ruwan sassaƙen itacen hano a kan ƙwayoyin ciwon daji. Faranti biyu muke zuba wa, ɗaya na ƙwayoyin cutar, ɗaya na lafiyayyu. In suna raye ruwan yakan yi shuɗi kamar shuni, in sun mutu ya tsaya fari. Na cutar ya yi fari. Na lafiyayyun sai yau zan duba.

Gwaggo Asabe, wadda ta rene ni, tana da ciwon a mama. Tun da ta ji abin da nake gwadawa ta daina zuwa asibiti, jiƙon hano take sha safe da yamma. Na ce mata ba a tabbatar ba tukuna, ta ce da ba magani ba ne ai jami'a ba za ta ɓata lokacinta ba.

A mafarkin ina ɗakin gwaji ni kaɗai. Sai kawai ƙananan ramukan da ke jikin farantin gwajin suka buɗe, suka zama rijiyoyin marina, ruwansu fari fat. Wata murya tana kiran sunayen matan unguwarmu, babu mai amsawa.

Sai kawai na gan ni a dajin bayan garinmu, a gindin hano. A saninmu masu magani ɓangaren gabas da na yamma kaɗai suke sassaƙa, su bar sauran ɓawon don itacen ya rayu. Wannan kuwa an zagaye shi kaf, kuma gizagon yana hannun Gwaggo. Na ce mata itacen zai mutu. Ba ta juyo ba, ta ci gaba da cusa ɓawon a aljihun farar rigata.

Can ta ce, "'Yar nan, ai ke kika ce yana kashe ciwon."

Na ce, "A faranti na ce, Gwaggo." Ina jin bakina yana motsi, amma ban tabbata sautin ya fita ba. Bayanta mata ne a jere, kowacce da ƙwaryarta, duk ni suke kallo.

Sai kawai muka koma marinar. Rijiya ɗaya ce ta rage mai shuɗin ruwa, Gwaggo na zaune a ciki, ta ƙanƙance kamar ƙwayar gero. Ruwan hanon yana hannuna. Wata murya, mai yiwuwa ta malamina ce, ta ce in zuba mana. Na ɗiga. Shuɗin ya fara janyewa daga bakin zanenta, yana hawa sama a hankali. Ba ta yi fushi ba. Ta ɗago kai ta tambaye ni ko na karya kumallo.

A nan na farka, hannuna a dunƙule.

Ban ce mafarkin gaskiya ne ba, wataƙila damuwa ce kawai, kuma mafarki ba sakamakon gwaji ba ne. Amma Gwaggo a daidai wannan lokacin take shan jiƙon safe. Masu sani, me wannan yake nufi? In jira in buɗe farantin lafiyayyun, ko in kama hanyar gida yanzu?