Gaurakar Baffa

A tsakar gidanmu na Zango akwai gauraka tun kafin a haife ni. Kakanninmu fataken goro ne, kuma a wurinsu gidan da gauraka ke takawa a cikinsa gida ne da ya zauna da gindinsa. Idan ɗaya ta mutu, a sa mafarauta su kawo 'yar tsako daga fadama, a yanke mata gaɓar fiffike tun tana ƙarama, ta girma ba ta san tashi ba. Baffa, ƙanen mahaifina, shi ya gāji gidan da al'adar. A hannunsa na girma, a ɗakin da ke kusa da nasa nake zaune da iyalina har yau.

Aikin da karatun jami'a ya kai ni gare shi kuwa shi ne lura da tsuntsayen da ke ƙwai a wata fadama da gwamnati ta hana taɓawa, can arewa maso gabas da birni. Ƙasar wurin baƙa ce, ruɓaɓɓen ganye da saiwa ne da suka daɗe suna taruwa cikin ruwa. Idan ka taka sai ta motsa kamar katifa. Lokacin da na fara aiki, gauraki garke-garke suke sauka. A daminar da nake magana a kai, namiji ɗaya da mace ɗaya kaɗai suka yi sheƙa.

A daminar ne kuma namijin gaurakin gidanmu biyu ya mutu. Macen ta daina cin dawa, tana zagaya rijiya tana kuka. Wata safiya na durƙusa gaida Baffa, sai ya ce, "Malamin tsuntsaye, an ce naku na daji sun yi ƙwai."

"Sun yi, Baffa."

"To idan sun ƙyanƙyashe a kawo mini ɗaya. Ɗaya tak. Ko gwamnatin taku ta fi ni buƙata?"

Na ce doka ta hana. Ya yi dariya ya ce, "Dokar da ta zo jiya ta tarar da gauraka a gidan nan. Kai da kanka da ita ka koyi tafiya, kana riƙe da wutsiyarta."

Gaskiya ya faɗa. Na sha tambayar kaina ko ba tsuntsuwar tsakar gida ce ta kai ni fadama ba tun farko. Ba na iya ce wa Baffa a'a, ba a yi mini tarbiyyar haka ba. Ba na kuma iya ɗauko tsakon.

Sai na yi dabarar da a lokacin na ɗauka hikima ce. Na ce maimakon a kawo mata aboki, mu kai ta wurin 'yan'uwanta. Ya yarda da saurin da ya kamata ya sa ni tunani. Muka naɗe ta a zane, muka sa a bayan mota, muka wuce masana'antun Kosodo, Baffa na gaba yana jan carbi.

A bakin fadamar na kwance ta. Daga cikin ciyawa gaurakin daji suka yi kira, ita kuma ta miƙe wuya ta amsa da muryar da ban taɓa jin ta yi a gida ba. Ta buɗe fikafikai, ta yi gudu, ta karkace ta faɗi gefen da aka yanke. Ta sāke, ta sāke faɗuwa. Ƙafafunta da suka saba da siminti suka riƙa nutsewa cikin baƙar ƙasar. Daga ƙarshe ta juyo ta tsaya jikin babbar rigar Baffa. Na san da ma ba za ta rayu a can ba. Karnukan makiyaya sun ishe ta.

Baffa bai dube ta ba. Idonsa na kan inda kiran ya fito, gindin wata giyayya, inda kan macen dajin ke leƙowa daga sheƙa. Sai a lokacin na gane da hannuna na nuna masa wurin da na ɓoye wa kowa. Mafarautan da ya sani sun fi waɗanda na sani yawa.

Muka dawo da ita gida. Bai sāke cewa a kawo masa tsako ba. Amma kowace safiya, bayan gaisuwa, sai ya ce, "Sun ƙyanƙyashe?" Ban san ko tausayi ne ya kama shi ko lokaci yake jira ba, kuma ba tambayar da ɗa zai yi wa uba ba ce.

"Tukuna, Baffa."

Suka ƙyanƙyashe, tsaki biyu. Na ci gaba da cewa tukuna. Na roƙi masu gadi su ƙara zagaye, ban gaya musu wanda nake tsoro ba. Har gero ya nuna, tsakin suka fara gwada fiffike, ina cewa tukuna.

Ran nan ya daɗe yana kallona, yana watsa wa gaurakarsa dawa, sannan ya ce, "Ƙwan nan naku ya fi cikin raƙuma daɗewa."

Na sunkuyar da kai. Damina ta sāke kusantowa yanzu, gaurakar na nan tana zagaya rijiya, kuma jiya da safe ya tambaye ni ko na daji sun dawo.