Kawu Salifu Mai Wankin Kwalabe

Duk wanda ya taɓa cin abinci da Kawu Salifu ya san ba ya kai hanci bakin kwano. Sai ya riƙe shi nesa, ya fifito tururin da tafin hannu zuwa fuskarsa, sannan ya yanke hukunci. Haka yake yi wa koko, haka ya yi wa turaren da aka kawo masa tsaraba daga Makka. Ranar sunan ɗiyata ta fari, da aka miƙa masa jaririyar, sai da ya fifito ta sau biyu kafin ya yi mata addu'a. Cewa yake a ɗakin gwaji, mai shaƙar abu kai tsaye ba ya tsufa da hancinsa.

Ga waɗanda ba su san dangantakarmu ba, ƙanen mahaifiyata ne. Ya yi shekaru aru-aru a sashen kimiyyar sinadarai na jami'a. Shi ba malami ba ne, aikinsa wanke kwalabe da haɗa ruwan sinadaran da ɗalibai ke gwaji da su. Karatunsa bai wuce sakandare ba, amma darussan da ya saurara ta bayan ƙofa sun isa digiri biyu. Da ya yi ritaya sai ya kwaso sashen ya dawo da shi gidanmu na unguwar Nima a Accra. Komai sai ya manna masa takarda: gishiri, sukari, kanwa, har butar alwala ya rubuta mata "ruwa". Matarsa, Mma Rabi, ta yi mita ta gaji. Wata safiya ta rubuta "miji" ta manna masa a bayan riga, ya hau trotro, motar haya, da ita har kasuwar Tudu ya dawo. Da aka nuna masa, ya sa tabarau ya karanta, ya ce bayanin daidai ne, sai dai ba ta sa kwanan wata ba.

Ni kuwa, shi ya tura ni karatun sinadarai. A shekara ta biyu na faɗi gwajin da muke kira taitireshan, inda ake ɗiga wani ruwa cikin wani, ɗigo-ɗigo, har launi ya juya. Hannuna sauri gare shi, kullum sai na zarce. Na dawo gida na ce na bari, zan koma ɗinki wajen ƙawata a Maamobi. Bai yi mini faɗa ba. Ya sa aka kawo soɓolo, wato zoɓo, ya jiƙa kanwa, ya ba ni sirinji mara allura. Kowace Asabar bayan la'asar zan zauna a tsakar gida ina ɗiga ruwan kanwa cikin soɓolo har jan ya soma komawa kore, shi yana zaune da carbi yana ƙirga mini ɗigo. In na zarce ya zubar, a sake. Wata biyu muna haka. Da na ci jarrabawar na zo masa da murna, sai ya ce, "Kar ki gode mini, ki gode wa Mma Rabi. Soɓolon sayarwarta muka ƙarar."

Amma abin da unguwa ba za ta manta ba shi ne ranar mai maganin nan. Wani baƙo ne ya sauka a layinmu, wai yana gano sammu. Maƙwabcinmu Alhaji Issaka, wanda ƙafarsa ta daɗe da kumburi, ya kira shi. Mutumin ya ɗebo ruwa a kofin gilashi, ya yi 'yan surutai, ya tsoma yatsa, ruwa ya koma ja-ja. Ya ce jini ne, kuma aikin wata tsohuwa ce a gidan. Tsohuwa ɗaya ce a gidan, Mma Abiba mai sayar da ƙuli-ƙuli, ba ta da kowa a Accra. Kafin a ce me, an fara fito mata da kayanta waje.

Kawu ya fito da silifas da rabin lemun tsami a hannu, don shayi yake sha. Ya nemi a ba shi kofin, ya matsa lemun a ciki, ya girgiza. Ruwa ya koma fari tas. Ya ce wa baƙon, "Malam, wannan maganin naka ni na riƙa auna wa 'yan aji ɗaya. In ya ji kanwa ya yi ja, in ya ji tsami ya washe. A wane shago ka saya?" Mutumin ya ce zai kewaya ya kama ruwa, har yau ba a sake ganinsa ba. Aka mayar wa Mma Abiba kayanta, Alhaji Issaka kuma aka kai shi asibiti, aka ce ciwon sukari ne. Sai dai daga ranar mata suka riƙa zuwa wajen Kawu da lemun tsami a ƙulle a gefen zane, wai ya karya musu sammu. Ba abin da ya taɓa ɓata masa rai kamar wannan.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi a asibiti, ni nake jinyarsa da rana. Bai yarda a ɗaura masa ƙarin ruwa ba sai an karanta masa duk abin da ke jikin ledar. Nas ɗin ta gaji ta tambaye shi ko shi likita ne. Ya ce a'a, amma likitan nan da ya wuce ɗazu ya fasa masa kwalba huɗu a aji ɗaya, don haka gara a duba.

Ya rasu ranar Laraba bayan azahar. Mma Abiba, da ƙyar take tafiya yanzu, kwana uku tana zaune a wajen makoki tana jan carbi.

Allah ya jiƙan Kawu Salifu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba Mma Rabi haƙurin zama a gidan da ya yi mata shiru. Amin.